Sharhi: Yadda Doka, Ƙidaya Da Ƙuri'ar Turawa Suka Shata Layi Tsakanin Hindu Da Musulmin Indiya

A watan Maris na 2025, tarzoma ta ɓarke a birnin Nagpur da ke jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, har hukumomi suka kafa dokar hana fita a wasu unguwanni. Musabbabin rikicin shi ne kabarin Sarki Aurangzeb, wanda ya rasu tun shekarar 1707, da wasu ƙungiyoyin mabiya addinin Hindu suka nemi a kawar da shi. Wata guda bayan haka, babban hafsan sojin Pakistan, Asim Munir, ya tsaya gaban taron 'yan ƙasarsa mazauna ƙetare a Islamabad, yana jaddada cewa Musulmi da Hindu al'ummomi biyu ne da suka sha bamban a addini da al'ada da tunani.

Ranar 22 ga Afrilu, 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam, a yankin Kashmir da ke hannun Indiya, akasarinsu masu yawon buɗe ido mabiya Hindu. Indiya ta ɗora alhakin a kan Pakistan, ita kuwa ta musanta. Ranar 7 ga Mayu Indiya ta harba makamai masu linzami cikin Pakistan, aka shafe kwana huɗu ana musayar wuta tsakanin ƙasashe biyu masu makaman nukiliya, kafin a tsagaita ranar 10 ga watan.

Abubuwan nan sun faru cikin makonni takwas kacal, kuma kowannensu yana da jijiya a zamanin da Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar. Yanzu da gwamnatin Indiya ta tsayar da 2027 domin ƙidayar jama'ar da aka jinkirta tun 2021, ya dace a waiwayi yadda aka yi addini ya zama ma'aunin siyasa a wannan yanki da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya.

Kafin zuwan Turawa

Zai zama son zuciya a ce Turawa ne suka ƙago bambancin. Musulunci da addinin Hindu sun zauna kafaɗa da kafaɗa a Indiya sama da shekara dubu, an yi zaman daɗi an kuma yi na ɗaci. Wasu sarakunan Musulmi sun rushe wuraren bautar Hindu. Sarki Akbar ya soke jiziya a 1564, Aurangzeb ya dawo da ita a 1679, kuma har yau ana tuna masa wannan.

Sai dai fagen yaƙin wancan zamani bai tafi bisa addini kai tsaye ba. A yaƙin Haldighati na 1576, wanda ya jagoranci rundunar Akbar shi ne Man Singh, basarake mabiyin Hindu, yayin da a ɓangaren abokin gabarsa Rana Pratap akwai kwamanda Musulmi, Hakim Khan Sur. Da Aurangzeb ya tashi murƙushe Shivaji, jarumin da masu kishin Hindu ke alfahari da shi a yau, Jai Singh ya tura, shi ma Hindu ne. Mutumin ƙauye kuwa yana gane kansa ne ta garinsu, harshensa, sana'ar gidansu da matsayin da ya gada. Manomi Musulmi a Bengal ya fi kusa da maƙwabcinsa Hindu a harshe da abinci da sutura, fiye da kusancinsa da attajiri Musulmi na birnin Lucknow.

Abin da mulkin mallaka ya ƙara shi ne mayar da addini akwatin da gwamnati ke jefa kowa a ciki, a kotu, a littafin makaranta, a takardar ƙidaya, daga ƙarshe kuma a rumfar zaɓe.

Kotu da littafin tarihi

A 1772, Warren Hastings, gwamnan Kamfanin Gabashin Indiya a Bengal, ya tsara cewa a shari'un aure da gado za a yi wa Musulmi hukunci da Alƙur'ani, mabiya Hindu kuma da tsofaffin littattafansu na Sanskirit. A ido wannan mutunta addinin jama'a ne. A aikace kuwa, al'adu iri-iri da ƙauyuka da zuri'o'i ke bi sun fara narkewa cikin dokoki biyu rak, kuma duk wanda ya shiga kotu sai an fara tantance ko wane ɓangare yake.

A 1817, James Mill ya wallafa littafinsa na tarihin Indiya, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Ya kasa tarihin gida uku: zamanin Hindu, zamanin Musulmi, da zamanin Birtaniya. Abin lura, kashi biyun farko sunan addini aka laƙaba musu, na ukun kuwa ba a kira shi zamanin Kirista ba. Wannan rabo ya shiga manhajar makarantu, ya zauna a kan ɗalibai tsara bayan tsara. Ga ɗan Hindu, darasin ya nuna masa cewa kakanninsa sun yi zamanin zinariya kafin baƙi su ƙwace. Ga ɗan Musulmi, ya nuna masa cewa gidansu ne gidan sarauta kafin Bature ya tuɓe su. Rigimar kabarin Aurangzeb, da sauya sunan birnin Allahabad zuwa Prayagraj a 2018, duk a kan wannan karatu suke tafiya.

Tawayen 1857 ya girgiza Turawa matuƙa, domin sojojin Hindu da Musulmi ne suka taso tare daga barikin Meerut, suka nufi Delhi, suka ɗaga tsohon sarkin daular Mughal, Bahadur Shah Zafar, a matsayin jagora. Bayan an murƙushe su, aka kai sarkin gudun hijira Rangoon, inda ya rasu a 1862, gwamnatin Ingila kuma ta karɓi mulkin kai tsaye daga hannun Kamfani a 1858. Da farko Musulmi aka fi zargi, aka fi kuma hukuntawa. Daga wajen 1870, bayan wani jami'i mai suna William Hunter ya rubuta littafi kan koken Musulmin Indiya, manufar ta fara juyawa zuwa jawo manyansu a jiki, domin su zama ma'auni ga 'yan bokon Hindu da suka fara ɗaga murya.

Ranar da addini ya zama lissafi

An gudanar da ƙidayar farko tsakanin 1871 da 1872, sannan daga 1881 aka mayar da ita duk shekara goma. Takardar tana da gurbin addini, kuma gurbi ɗaya kowa zai shiga. Nan aka gamu da matsala, domin akwai al'ummomi kamar Meo na yankin Mewat da Malkana na kewayen Agra, waɗanda suke sallar Idi suna kuma bukukuwan Hindu, sunayensu ma gauraye ne. Malamin ƙidaya ba shi da gurbin irin waɗannan, tilas ya zaɓa musu ɗaya.

Da alƙaluma suka fara fitowa, sai kalmomin rinjaye da tsiraru suka shiga bakin 'yan siyasa. Ƙidayar ta nuna cewa Musulmi sun fi yawa a gabashin Bengal da yammacin Punjab, abin da ya ba wa har jami'an Turawa mamaki game da Bengal. A 1909 wani marubuci ɗan Bengal, U.N. Mukerji, ya fitar da ƙasida yana iƙirarin cewa Hindu al'umma ce mai ƙarewa, yana kafa hujja da alƙaluman ƙidaya. Wannan fargaba ba ta mutu ba, ko da yake ƙidayar 2011 ta nuna Hindu su ne kashi 79.8 cikin ɗari na jama'ar Indiya, Musulmi kuma kashi 14.2.

Su ma al'ummomin biyu ba su zauna hannu rabbana ba. An kafa makarantar Deoband a 1866 domin tsare ilimin addini bayan rushewar mulkin Musulmi. A 1875 Sayyid Ahmad Khan ya buɗe kwalejin Aligarh domin 'ya'yan Musulmi su samu boko, a shekarar ce kuma Dayananda Saraswati ya kafa ƙungiyar Arya Samaj domin gyara addinin Hindu. Harshe ɗaya da jama'ar arewacin ƙasar ke magana da shi a kasuwa ya rabu biyu a rubuce: Urdu da baƙaƙen Larabci da Farisanci ya zama na Musulmi, Hindi da baƙaƙen Devanagari ya zama na Hindu, kuma kowane ɓangare na neman a yi aikin kotu da nasa, saboda a nan guraben aikin gwamnati suke. A 1893 aka yi mummunar tarzoma kan yanka shanu lokacin Babbar Sallah. Bayan 1920, masu wa'azin Arya Samaj suka shiga ƙauyukan Malkana suna mayar da mutane Hindu, yayin da Maulana Muhammad Ilyas ya fara aikin da ya zama Jama'atu Tablig a tsakanin Meo a 1926. Mutanen da a da suke tsakiya, kowa ya zo yana jan su zuwa nasa layin.

Ƙuri'ar da aka raba

A 1905, Lord Curzon ya raba lardin Bengal biyu, yana cewa ya yi girma ga gwamna ɗaya. Sabon lardin gabas ya kasance mai rinjayen Musulmi, masu kishin ƙasa kuwa suka ɗauki matakin a matsayin dabarar karya lagon jam'iyyar Congress da aka kafa a 1885. Zanga-zanga da ƙaurace wa kayan Ingila suka tilasta soke rabon a 1911, amma tabon ya riga ya zauna: Hindu sun ji an yi musu makirci, Musulmin gabas sun ji an ba su an kuma ƙwace.

A watan Oktoban 1906, tawagar manyan Musulmi ƙarƙashin Aga Khan ta gana da Gwamna Janar Lord Minto a Simla, ta nemi a ware wa Musulmi kujerunsu a majalisa. A watan Disamba aka kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka. Dokar 1909 ta amince da buƙatar: Musulmi za su zaɓi wakilai Musulmi a rajistar da aka keɓe musu.

Masana tarihi da dama na ganin wannan mataki ya fi kowane tasiri. Fargabar Musulmi ta gaske ce, domin a zaɓen da yawan kai ke yanke hukunci, al'ummar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba na iya wayar gari ba ta da murya. To amma maganin ya zo da tasa cutar. Ɗan takarar da Musulmi kaɗai ke zaɓa ba shi da dalilin lallashin Hindu, takwaransa na ɗaya ɓangaren shi ma bai damu da ƙuri'ar Musulmi ba. Wanda ya fi zafafa harshe shi ke cin riba. Daga baya aka faɗaɗa tsarin ga mabiya Sikh da Kiristoci, a 1932 kuma aka so a ba wa 'yan Dalit, waɗanda al'ada ta mayar ƙasƙantattu. Gandhi ya shiga yajin cin abinci har sai da jagoransu B.R. Ambedkar ya haƙura da rajistar daban, ya karɓi kujerun da aka keɓe. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙarƙashin wannan taƙaddama shi ne lissafi: in aka cire Dalit daga jimillar Hindu, rinjayen zai ragu ƙwarai.

Duk da haka, an samu lokacin da aka haɗa kai. A yarjejeniyar Lucknow ta 1916, Congress da League sun tsaya kan buƙatu guda, kuma lauya Muhammad Ali Jinnah na cikin waɗanda suka ƙulla ta, har ana yi masa kirari da jakadan haɗin kan Hindu da Musulmi. Daga 1919 Gandhi ya mara wa fafutukar kare Halifancin Usmaniyya baya, tare da 'yan'uwan nan biyu, Muhammad Ali da Shaukat Ali. Da Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ƙin haɗa kai da gwamnati a 1922, Turkiyya kuma ta soke halifanci a 1924, sai igiyar ta tsinke, tarzoma ta yawaita a birane.

A wannan tsakanin ne V.D. Savarkar ya wallafa littafinsa kan aƙidar Hindutva a 1923. A ma'aunin da ya gindaya, cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda Indiya ce ƙasar kakanninsa kuma ita ce ƙasarsa mai tsarki, ma'aunin da ya bar Musulmi da Kirista a waje, tunda alƙiblarsu na wata ƙasa. A 1925 K.B. Hedgewar ya kafa ƙungiyar RSS a Nagpur. Daga cikinta Firaminista Narendra Modi ya taso, ita ce kuma uwar jam'iyyar BJP mai mulki ta fuskar aƙida.

Hanyar rabuwa

Ko a 1937, raba ƙasa bai zama tilas ba. A zaɓen larduna na shekarar, League ba ta samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun Musulmi ba, kuma a Punjab da Bengal, inda Musulmi suka fi yawa, jam'iyyun yanki ne suka jagoranci gwamnati. Congress ta kafa gwamnati a yawancin larduna, a lardin United Provinces kuma ta ƙi yin gwamnatin haɗin gwiwa da League sai bisa sharaɗin 'yan League su narke cikinta. Jinnah ya riƙe wannan a matsayin hujjar abin da ke jiran Musulmi in Bature ya tafi. A watan Maris na 1940, a Lahore, League ta zartar da ƙudurin neman ƙasashe masu cin gashin kansu a yankunan da Musulmi ke da rinjaye.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa League ƙarfi. Shugabannin Congress sun shafe kusan shekara uku a kurkuku bayan kiran da suka yi wa Turawa a 1942 na su fice, fili ya zama na Jinnah, gwamnatin mallaka kuma ta ga amfanin ɗaukarsa a matsayin kakakin Musulmi baki ɗaya.

Ba dukkan Musulmi suka bi shi ba. Maulana Abul Kalam Azad shi ne shugaban Congress daga 1940 zuwa 1946. Maulana Husain Ahmad Madani na Deoband ya yi rubutu yana kafa hujja cewa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba na iya zama al'ummar ƙasa ɗaya. Khan Abdul Ghaffar Khan, jagoran Pashtun, ya yi adawa da rabuwar har ƙarshe. Sai dai a zaɓen 1945 zuwa 1946, League ta lashe dukkan kujerun Musulmi 30 na majalisar tsakiya da mafi yawan na larduna, a zaɓen da masu dukiya da ilimi kaɗai ke da ƙuri'a, talakawa mafi yawa ba a tambaye su ba.

Ranar 16 ga Agustan 1946 rikici ya ɓarke a Calcutta, dubban mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki, wutar ta bazu zuwa Noakhali da Bihar da Punjab. Ingila, wadda yaƙi ya talauta, ta ƙosa ta tafi. Lord Mountbatten ya matso da ranar miƙa mulki daga Yunin 1948 zuwa Agustan 1947. Aka ɗauko lauya Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa zuwa Indiya ba, aka ba shi kimanin mako biyar ya shata iyaka, da taswira da alƙaluman ƙidaya a gabansa. Pakistan ta samu 'yanci ranar 14 ga Agusta, Indiya ranar 15, amma ba a bayyana inda layin ya bi ba sai ranar 17. Ƙiyasin masana ya nuna mutum miliyan 10 zuwa 15 sun bar gidajensu, waɗanda suka mutu kuwa daga dubu ɗari biyu ne zuwa miliyan biyu. Ranar 30 ga Janairun 1948, Nathuram Godse, mai tsattsauran kishin Hindu, ya harbe Gandhi bisa zargin yana sassauta wa Musulmi.

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san fuskar wannan tarihi ko da ba su san labarinsa ba. Jarumi Dilip Kumar, sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a 1922, garin da yanzu yake cikin Pakistan. Gidan su Raj Kapoor, mabiya Hindu, shi ma a Peshawar yake.

Gadon da ake ci yau

Rabuwar ba ta warware tambayar da aka yi ta dominta ba. A 1971 gabashin Pakistan ya ɓalle ya zama Bangladesh bayan yaƙi mai muni, abin da ya nuna cewa addini ɗaya bai isa ya riƙe mutanen da aka tauye wa harshe da haƙƙi ba. Indiya ta rubuta tsarin mulkin da ya daidaita 'yan ƙasa, ta kuma soke rajistar zaɓe ta addini, amma Musulminta, da yawansu ya kai kimanin miliyan 200 a yau, sun daɗe suna kokawa da cewa ana tuhumar biyayyarsu ga ƙasa.

A Ayodhya, inda jami'an Turawa suka kafa shinge a harabar Masallacin Babri bayan rikicin shekarun 1850 domin raba masu ibada, gungun masu kishin Hindu sun rushe masallacin ranar 6 ga Disamban 1992. Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, amma a hukuncinta na Nuwamban 2019 ta ba da filin domin gina wurin bautar Ram, ta umarci a ba Musulmi wani fili, kuma Modi ya jagoranci buɗe ginin ranar 22 ga Janairun 2024. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 ta sauƙaƙa hanya ga mabiya addinai shida da suka shigo daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan, ban da Musulmi. Gwamnati ta ce manufarta kare tsirarun da ake zalunta a waɗannan ƙasashe, kuma gaskiya ne Hindu da Kiristocin Pakistan da Hindun Bangladesh na fuskantar hare-hare da wariya. Masu suka kuwa na cewa wannan ne karon farko da addini ya zama sharaɗi a dokar zama ɗan Indiya. A Afrilun 2025 majalisa ta yi wa dokar wakafi gyaran da ya ƙara wa gwamnati iko kan kadarorin wakafin Musulmi, aka kuma garzaya Kotun Ƙoli.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan makaranta ta mulki. A Madras ta Indiya aka haifi Lugard a 1858, a can kuma ya yi aikin soja. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 an ɗauko shi daga na Sudan, wanda shi kuma aka gina kan na Indiya na 1860. Sanin yadda alƙaluma ke zama makami na cikin dalilan da suka sa ƙidayar Najeriya ta 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba.

Indiya ta bi wata hanyar. Ƙidayar 2027 za ta tambayi addini kamar kullum, za ta kuma ƙirga jama'a bisa matsayin da suka gada na zuri'a, abin da rabon da a yi shi cikakke tun 1931, zamanin Turawa. Bayan ƙidayar ake sa ran sake shata mazaɓun majalisar tarayya, waɗanda rabon kujerunsu tsakanin jihohi ke tsaye kan ƙidayar 1971. Jam'iyyun adawa na fatan alƙaluman zuri'a za su nuna cewa rinjayen Hindu ba dunƙulalle ba ne, ita kuwa BJP, wadda ta samu kujeru 240 cikin 543 a zaɓen 2024 har ta dogara ga ƙawaye kafin ta kafa gwamnati, za ta so akasin haka.

Laifin Turawa a wannan tarihi tabbatacce ne, amma shekara kusan 80 ke nan da tafiyarsu. Waɗanda ke riƙe da takardar ƙidaya da akwatin zaɓe da manhajar makaranta a Delhi da Islamabad da Dhaka a yau 'yan ƙasa ne, kuma su za a tambaya abin da suka yi da kayan aikin da aka bar musu.